Daga Lungunan Nima Zuwa Idon Duniya: Rabon Hausa a Waƙoƙin Ƙungiyar V.I.P.

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da sabawa da kasa waƙa gida biyu, watau waƙar baka da rubutacciyar waƙa, kuma kowane gida an yi masa hidima gwargwadon hali. An feɗe waƙoƙin makaɗan fada da na makaɗan jama'a, an kuma bi sawun marubuta tun daga masu jihadi na ƙarni na 19 har zuwa kan su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. To amma tun daga shekarun 1990 wani baƙo ya sauka a tsakanin gidajen nan biyu, wanda har yanzu ba mu gama shawarar ɗakin da za mu ba shi ba. Baƙon nan shi ne waƙar hip hop, wadda gidajen rediyo na Hausa suka raɗa wa suna gambarar zamani. Mai ita yakan zauna ya tsara ta da alƙalami kamar marubuci, sa'an nan ya miƙe ya rera ta bisa kiɗa kamar makaɗi, ga shi kuwa ba ya bin karin aruli, ba shi kuma da wani sarki ko attajiri da yake wa waƙa.

Manufar wannan maƙala ita ce duba tarihin ƙungiya guda ta masu wannan waƙa, watau V.I.P. ta unguwar Nima a birnin Akra na ƙasar Gana. Dalilin zaɓenta kuwa shi ne, a cikin ƙungiyoyin da suka taso a unguwannin da Hausa ce harshen titi da kasuwa, da wuya a nuna wadda ta yi nisan da wannan ta yi: ta fara a lungu, inda ba wanda ya san ta sai maƙwabta, ta zama gwarzuwar ƙasarta har sau biyu, waƙarta ta game Afirka ta Yamma, ta kuma je ta yi wasa a ƙetare. Tambayar da ta dame mu ita ce, a cikin wannan doguwar tafiya, ina Hausar da suka taso da ita ta tsaya? Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Hausa ce ta tara su, ita ce kuma ta fara fito da su, amma ba ita ce ta ƙetarar da su ba, kuma gwargwadon hawansu gwargwadon yadda rabonta ya riƙa ƙanƙancewa a bakinsu.

Zango da Sabon Gari

Mai karatu da ke zaune a Jushi ko Samaru yana iya cewa, ina ruwan mujallar Hausa da samarin Akra? Amsar tana nan kusa da shi, in ya dubi yadda aka tsara garin da yake ciki. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, Turawan mulki sun keɓe Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, suka bar birni ga Zage-zagi, Tudun Wada kuma ta zama masaukin baƙi 'yan arewa. A Sabon Garin Zariya, ke nan, Bahaushe ne mai masauki, mutumin kudu ne baƙo. To a juya wannan hoto, sai a ga zango. A Akra da Kumashi mutumin kudu ne mai gari, wanda ya gangaro daga arewa shi ne baƙo, unguwarsa kuwa ita ake kira zango, da kalmar nan tamu ta matsayar ayari.

Zaman Hausawa a wannan yanki ya girmi mulkin Turawa. Fataucin goro ne ya fara kai su Gwanja, inda Salga ta zama babbar kasuwarsu, har yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa ta, fatake suka watsu zuwa Kete-Karaci da Kumashi da bakin teku. Akwai kuma hanyar soja, gama Turawan Ingila sun yi amfani da dakarun da suke kira Hausawa a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da yawa daga cikinsu kuma ba su koma gida ba. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a Akra, Nima kuwa ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami izinin zama a wurin daga masu ƙasa, watau ƙabilar Ga. Sannu a hankali unguwar ta cika da Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Kotokoli da Yarbawa, har da 'yan kudancin Gana waɗanda hayar ɗaki ta fi musu sauƙi a can. Ba wani harshe da ya haɗa waɗannan mutane sai Hausa. Saboda haka yaron Nima yana tashi da Hausa a bakinsa ko da kakansa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, daidai da yadda yaron Ibo ko na Yarbawa yake tashi da ita a Sabon Garin Zariya.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da zango kafin a shiga maganar waƙa. Na farko, mutumin zango ya san ɗacin baƙunci. A 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umurnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu, aka kori dubban mutane waɗanda wasunsu a can aka haife su. Nima kanta ta daɗe tana ɗauke da tambarin cunkoso da talauci da ta'asa a idon sauran mazauna Akra. Na biyu, waƙar Hausa ba sabon abu ba ce a wannan ƙasa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salga, ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karaci a 1934, yana cikin manyan marubutan waƙar Hausa na zamaninsa, kuma ɗaya daga cikin sanannun waƙoƙinsa a kan talauci da wadata take. Ba na cewa samarin Nima sun karanta Alhaji Umaru. Abin da nake nufi shi ne, jigon da ya dame shi bai bar zango ba.

Yadda ƙungiyar ta taso

Hip hop ya samo asali ne a unguwar Bronx ta birnin Niyok a farkon shekarun 1970, a tsakanin baƙaƙen fata da baƙi 'yan tsibiran Karebiyan, kuma akan danganta farkonsa da wani ɗan asalin Jamaika mai suna Kool Herc a 1973. Waƙar unguwar talakawa ce, wadda ba ta bukatar kayan kiɗa masu tsada, sai faifai da makirufo da kaifin baki. Wannan sauƙi shi ne ya ba ta wurin zama a Gana. Dokar hana fitar dare ta farkon mulkin Rawlings, daga 1982 zuwa 1984, ta kashe gidajen rawa, harajin da aka ɗora wa kayan kiɗa kuma ya sa riƙon babbar ƙungiyar kiɗan highlife ya gagari mutane da yawa. Da aka shiga shekarun 1990 sai aka sami samari masu son waƙa amma ba su da ƙaho ko jita, a daidai lokacin da gwamnati ta saki harkar rediyo, gidajen masu zaman kansu irin su Joy FM, wanda ya fara aiki a 1995, suka shiga neman abin da za su sa wa matasa.

Da farko da Turancin Amurka samarin Akra suke yin abin, suna kwaikwayon har lafazin. Wanda ya juya akalar shi ne Reggie Rockstone, wanda ya dawo daga Ingila a 1994, ya shiga rera hip hop da Tuwi, harshen Asante da danginsu, ya fitar da faifansa na farko a 1997. Daga nan aka sami salon da ake kira hiplife, watau gamin hip hop da highlife.

A cikin wannan yanayi ne wani saurayin Nima, Musah Haruna, wanda aka fi sani da Friction, ya tara abokansa: Abdul Hamid Ibrahim mai laƙabin Lazzy, wanda daga baya ya koma Zeal, da Emmanuel Ababio mai laƙabin Promzy, da Joseph Nana Ofori mai laƙabin Prodigal, da wani da ake kira Bone. Sunayen nan kaɗai sun isa su nuna irin unguwar da ta haife su, ga Musa da Abdulhamidu, ga Emmanuel da Joseph, abin da ba zai ba mutumin Sabon Gari mamaki ba. Suka sa wa kansu suna Vision In Progress, watau buri yana kan hanya, amma haruffan farko na sunan su ne waɗanda akan rubuta a kujerun manyan baƙi. A nan akwai ba'a da kuma kirari a haɗe: 'ya'yan unguwar da aka raina sun kira kansu manyan baƙi tun ba su da ko sisi. Haka kuma suka riƙa yi wa unguwarsu take da Boogie Down Nima, suna aron taken da mawaƙan Amurka suke yi wa Bronx. Aron ba na banza ba ne. Cewa suke yi Nima ce Bronx ɗin Akra, kuma abin da aka ɗauka abin kunya shi ne abin alfaharinsu.

Sun yi shekaru suna wasa a tituna da bukukuwan unguwa kafin su sami kamfanin da ya ɗauke su, suka fitar da faifansu na farko a 1998. Waƙar da ta fi fitowa fili a wannan zango na rayuwarsu ita ce "Rana Sallah". A lura da wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin maganarmu: a ƙasar da sabon salon ya tsaya bisa harshen Tuwi, waɗannan samari sun shigo fage da waƙa mai sunan Hausa, a kan bikin Musulmi, suna magana da yawun zango. Wannan shi ne abin da ya bambanta su da sauran, shi ne kuma ya ba su rundunar magoya baya ta farko, gama kowane babban gari a Gana yana da zangonsa.

Zubi da salo

Kafin mu bi su zuwa ƙetare, ya kamata mu tsaya mu auna wannan waƙa da ma'aunin da muka saba, don mu ga inda ta yi kama da tamu da inda ta saɓa.

Sunan gambarar zamani yana da gaskiya a cikinsa, amma ba duka ba. Lalle akwai saurin baki, akwai zambo da habaici, akwai magana da take tsakanin zance da rerawa, waɗanda duk aka san 'yan gambara da su. Sai dai ɗan gambara maroƙi ne. Yana bin kasuwa ne ya tare mutum, ya wasa shi ko ya muzanta shi har sai ya ba da abin hannunsa. Mai hip hop kuwa, a asalin salon, ba ya wasa kowa sai kansa da abokansa da unguwarsa. Ta wannan fuska ya fi kusa da ɗan dambe ko ɗan tauri ko maharbi a lokacin da yake kirari, inda mutum yake buɗe baki ya faɗi ko shi wane ne, da inda ya fito, da abin da zai yi wa abokin karawa. A ganina da kirarin zamani aka ce da an fi kusa da gaskiya, amma suna in ya riga ya bi bakin jama'a ba a kamo shi.

Ta wajen amsa-amo kuwa, da rubutacciyar waƙa ta yi kama. Makaɗin baka ba ya ɗaure kansa da ƙafiya, kiɗa da amshi ne suke riƙe masa waƙa. Mai hip hop ba shi da mafita sai ya daidaita ƙarshen layukansa, gwani kuma yakan ƙara da amsa-amon ciki. A nan akwai wani abin lura game da Hausa. Da yake kusan dukkan kalmominta da wasali suke ƙarewa, samun ƙafiya ba wuya ba ne, har ma yakan yi arha, shi ya sa za a ji ƙaramin mawaƙi ya jera layi goma masu ƙarewa da "a" yana tsammani ya yi gwaninta. Gwanintar tana wajen wanda ya daidaita gaɓa biyu ko uku, ya kuma kula da tsawon wasali da karin sauti. Mawaƙin zango yana da wata dama da namu na gida ba su da ita sosai, domin rumbunsa na kalmomi huɗu ne: Hausa da Tuwi da Ga da Turancin buroka. In ƙafiya ta ƙi samuwa a wannan harshe sai ya tsallaka wancan, mai sauraronsa kuma ba ya jin an yi tsalle, gama haka ake hira a ƙofar gidansu.

Babban bambanci, wanda kuma ya shafi rabon Hausa kai tsaye, yana cikin tsarin ƙungiya. A al'adarmu ƙungiyar kiɗa ta mutum guda ce. Akan ce Narambaɗa ko Shata ko Ɗanƙwairo, 'yan amshi kuwa sai mai bincike ne yake sanin sunayensu. In ɗan amshi ya ƙasaita sai ya ware ya kafa tasa, kamar yadda Musa Ɗanƙwairo ya fara a ƙarƙashin wansa Kurna kafin ya tsaya da ƙafarsa. A ƙungiya irin ta V.I.P. ba haka abin yake ba. Kowa yana da ɗangonsa, shi yake tsara shi, shi yake rera shi, da muryarsa da harshen da ya fi masa daɗi, sa'an nan a haɗu a gindin waƙa. Wannan tsari yana da amfani, domin ƙungiya ba ta mutuwa don mutum guda ya tafi. Friction, wanda ya kafa ta, ya fita tun kafin babbar nasararta ya koma ƙasar Holan, Bone ma ya fita, amma sauran ukun suka ci gaba har suka fi da. Sai dai kuma yana da illa ga harshe: in rabon harshe ya rataya a wuyan mutum, to fitar mutumin fitar wani kaso ne na harshen. A kunnena, bayan tafiyar Friction nauyin Hausa ya koma kan Lazzy fiye da kowa.

Waƙar da ta ƙetarar da su

A 2003 suka fitar da "Ahomka Womu". Sunan na Tuwi ne, ma'anarsa kuwa ta kusa da a ce akwai daɗi a ciki. Wanda ya saurare ta bayan ya saurari waƙoƙinsu na farko zai ji an sassauta komai. Kiɗan ya koma mai taushi irin na highlife, rerawa ta shigo gaba, saurin baki ya ja baya, gindin waƙar kuma ya zama mai sauƙin kamawa har ga wanda bai san ko kalma guda ta harshen ba. Jigon ya tashi daga unguwa ya koma nishaɗi. A 2004 aka ba su kyautar gwarzon mawaƙin shekara a bikin kyaututtukan waƙa na Gana, suka sake samun ta a 2011.

A Nijeriya ne waƙar ta nuna ƙarfinta. Ta cika gidajen rediyo da wuraren biki tun daga Ikko har arewa, matasa suna rera amshinta ba tare da sanin abin da suke faɗa ba. Shekara ashirin ke nan cif bayan 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, waɗanda 'yan Gana suka fi yawa a cikinsu. Abin da ya fi ban sha'awa, ko ban takaici, shi ne wannan: Bahaushen Samaru ya karɓi samarin nan a matsayin 'yan Gana masu waƙa da wani harshe, alhali da zai haɗu da su a tasha da Hausa za su gaisa. Ƙungiyar da ta fi kowace kusa da shi ta iso masa ne ta hanyar harshen da ya fi nisa da shi.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. Sun fito a waƙar "My Love" ta 2Face Idibia a faifansa na 2006. Wani Ba'amurke mai shirya fim, Eli Jacobs-Fantauzzi, ya yi fim mai suna "HomeGrown: Hiplife in Ghana", wanda ya bi rayuwarsu ta shekara goma, tun daga lungunan Nima har zuwa zagayensu na farko a ƙasashen waje. Da Promzy ya fita a 2013, sai Reggie Rockstone da kansa ya shigo a 2014, aka ƙara wa sunan harafi ya zama VVIP, har suka yi waƙa tare da ɗan wasan fim na Ingila Idris Elba, wanda mahaifiyarsa 'yar Gana ce. A 2017 kuma Wizkid ya ɗauko karin "Ahomka Womu" ya gina waƙarsa "Manya" a kai, wanda ya nuna cewa bayan shekara goma sha huɗu karin bai tsufa ba.

Ya kamata a faɗi irin duniyar da suka ci, don kada a zuzuta. Ƙungiyoyin Senegal sun bi wata hanya dabam: Positive Black Soul ta Dakar ta sami kamfanin Turai ya fitar mata da faifai a 1995, Daara J kuma ta ci kyautar gidan rediyon BBC a 2004. Waɗannan Turai ce ta ɗaga su. V.I.P. kuwa kasuwar Afirka ce ta ɗaga su, musamman ta Nijeriya, sa'an nan 'yan Afirka mazauna Turai da Amurka suka gayyace su. A wurina wannan ba ragi ba ne. Nasarar da maƙwabci ya ba ka da kuɗin aljihunsa ta fi wadda alƙalan wata nahiya suka yanke maka ƙarko.

Ban kuma ga laifinsu ba a kan karkata zuwa Tuwi. Kusan rabin mutanen Gana 'yan ƙabilun Akan ne, wasu da yawa kuma suna jin harshen, alhali Hausa ta zango ce da wasu sassan arewa. Mawaƙin da yake son ya ci abinci da waƙarsa tilas ya je inda masu saye suke. Abin da nake ƙi shi ne a riƙa ba da labarin kamar hawa ne kawai ba tare da an bar komai a ƙasa ba. An bar wani abu. Waƙoƙin farko suna da kaushi da zafin unguwa, suna magana da wani mutum takamaimai, watau yaron zango. Na baya sun fi santsi, sun fi daɗin rawa, amma kowa suke wa magana.

Duk da haka Hausa ba ta ɓace ba, aikinta ne ya sauya. Ta tashi daga harshen da ake isar da saƙo da shi ta koma tambarin da ake nuna asali da shi. Ana ganin haka a sunayen waƙoƙinsu na zamanin VVIP, irin su "Dogo Yaro" da "Alhaji", da kuma babban wasan da suka mayar al'ada suna shirya wa mutanen Nima a lokacin Sallah, inda manyan mawaƙan ƙasar suke zuwa su yi wasa a titin unguwar da a da ake gudunta.

Namu na gida

In aka waiwayo arewacin Nijeriya sai a ga akasin haka. A nan Hausa ba harshen tsiraru ba ce, kasuwarta ta miliyoyin mutane ce, har ta ƙetara Nijar da Kamaru da Cadi. Amma wannan kasuwa waƙoƙin fina-finai ne suka riga suka mamaye ta, masu gambarar zamani suka daɗe a gefe. Ga kuma takunkumi: a 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya, cikinsu har da "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda ake kira Ziriums. Sai da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta ba Nomiis Gee fili, sa'an nan salon ya sami dandali na dindindin. A Kaduna an yi ƙungiyar Yaran North Side, wadda DJ AB ya fito daga cikinta har ya yi waƙa da Mr Eazi a 2021, amma sunan mutum guda ne ya yi nisa, ba na ƙungiya ba. Wanda ya ƙetare sosai daga arewa, watau Ice Prince na Jos, da ya ci kyautar BET ta Amurka a 2013, da Turanci ya fi yin waƙarsa. Ashe ke nan ko a inda Hausa take da rinjaye, ba ita ce take ɗaukar mawaƙi ta fitar da shi waje ba tukuna, kuma wanda ya tsaya a kanta yakan sami jama'a mai yawa amma a cikin da'ira guda.

Mu ma manazarta muna da namu rabon aiki. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, a ƙasar da a da ake ganin makaɗi ba abokin zaman malami ba ne. In an iya wannan, ba dalilin da zai hana a sa waƙar zango a teburin nazari. Sai dai duk ɗalibin da zai ɗauki aikin zai ci karo da matsala tun a shafin farko, watau yadda zai rubuta abin da ya ji. A dubi sunayen nan biyu, "Rana Sallah" da "Dogo Yaro". A daidaitacciyar Hausa ranar Sallah da dogon yaro za a ce. Madanganci ya faɗi a duka biyun. Hausar zango ta kuma yi sakaci da jinsi, takan mayar da tamata namiji, kuma a bakin masu ita da yawa ƙ da k, ko ɗ da d, sun zama ɗaya. Wannan ba zai girgiza Bazazzagi ba, shi da ake tsokana da cewa rigan Audu da motan malam, ba kuma zai girgiza wanda ya saba da Hausar kasuwar Sabon Gari ba. Amma ɗalibin da aka horar da ƙa'idojin rubutu hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin gyara. In ya ƙara "r" a "rana", ya sa lanƙwasa inda mawaƙin bai furta ba, to ya ƙara wa layin baƙin da ba ya ciki, ya sauya nauyin gaɓar da aka ɗora bisa kiɗa, ya kuma shafe shaidar da mai nazarin karin harshe yake nema. Shawarata ita ce a rubuta ɗangon yadda ya fito daga bakin mai shi, a kawo daidaitacciyar Hausa a gefensa, a kuma nuna da alama duk inda mawaƙin ya tsallaka zuwa Tuwi ko Ga ko buroka, domin da wannan alamar ce za a iya ƙirga rabon kowane harshe faifai bayan faifai, tun daga na 1998.